Bakina ya yi nauyi wajen addu'a tun rasuwar 'yata, ga ƙaninta a kwance

Uwar Uku, Funtuwa

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ina da tambaya, kuma don Allah wanda zai amsa ya daure ya karanta har ƙarshe.

An yi aurenmu a 2012, lokacin ba wanda ya ce mana a je gwajin jini. Allah Ya ba mu 'ya'ya uku, biyu suka zo da sikila. Ta farin, wadda ko sunanta ban taɓa kira ba saboda kunyar ɗan fari, ta rasu a hunturun 2022 tana da shekara 9. Ciwon ƙirji ne ya taso mata, numfashi ya gagara. Autan yanzu shekararsa 8, shi ma SS ne. Ta tsakiyar ce kaɗai ta tsira.

Lokacin jinyar yarinyar ba abin da ban yi ba. Na yi tsayuwar dare, na yi azumin Litinin da Alhamis, duk Juma'a sai na soya ƙosai na raba wa almajirai, na sa an yi sauka. Keken ɗinkina na sayar aka sayi jini. Na roƙi Allah da duk sunayenSa da na sani, kuma a raina na riga na sakankance za ta tashi. Ba ta tashi ba.

Salla ban bari ba, biyar ɗin nan ina yin su a kan lokaci. Amma da na sallame na ɗaga hannu, sai in rasa abin faɗa. In zauna hawaye na zuba, in shafa in tashi. Wani lokaci na buɗe baki zan ce Allah Ka ba yaron nan lafiya, sai zuciya ta ce min ai haka kika ce wancan karon. In yi a'uzu billahi, an jima tunanin ya dawo.

Yanzu sanyi ya shigo, yaron ya kwanta, ƙafa da baya. Cikin dare sai ya ce, "Umma ki tofa min, ƙafata." In ɗora hannu in yi ta motsa baki don kada ya gane ba abin da nake faɗa. Wannan ya fi komai ci min rai.

Surukata ta ce kukan da nake yi rashin tawakkali ne, kuma wai su a danginsu ba a san wannan ciwo ba. Maigida mutumin kirki ne amma ya koma shiru, ya fita da Keke Napep da asuba sai bayan isha'i, kuɗin magani yake nema.

Shin na fita daga imani ne ban sani ba? Kuma wanda ya roƙa bai samu ba, ta yaya zai sake roƙo da sa rai? "Yi haƙuri" na ji ta har na gaji, kuma na san gaskiya ce. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali nake so ya gaya min yadda ya yi.

Mai Nasiha

Wa alaikumus salam. Baiwar Allah ki ji tsoron Allah ki yawaita istigfari. Annabi (SAW) ya ce ana amsa wa ɗayanku matuƙar bai yi gaggawa ba, ya ce na roƙa ba a amsa min ba. Maganarki ta yi kusa da wannan. Sannan ku binciki abin da ke shiga cikinku ke da maigidan, domin hadisi ya zo a kan matafiyin da ya ɗaga hannu yana ya Rabbi ya Rabbi alhali cinsa haram ne, shansa haram ne, ta yaya za a amsa masa. Mu bayi ne, ba mu da hurumin gindaya wa Ubangiji sharaɗi. Allah Ya ba yaro lafiya.

Malamar Matan Aure, Zariya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan yarinya, Ya sa mai ceto ce, Ya tashi kafaɗun ƙaninta.

Malam Mai Nasiha, hadisan da ka kawo ingantattu ne, istigfari kuma ba wanda ya wadatu da barinsa. Amma matar da ta sayar da keken ɗinkinta, mijinta na yini a kan titi yana neman halali, ba ita ce za a fara tuhuma da cin haram ba. In binne ɗa alama ce ta an juya wa bawa baya, me za mu ce game da Manzon Allah (SAW)? 'Ya'ya bakwai Allah Ya ba shi, shida suka rasu yana raye: Alƙasim, Abdullahi, Ruƙayya, Zainab, Ummu Kulsum da Ibrahim. Nana Faɗima kaɗai ta rage, ita ma ta bi shi bayan kimanin wata shida. Ranar da Ibrahim yake cikawa ya rungume shi idanunsa na zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, har kai ya Manzon Allah? Ya amsa masa cewa wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, kuma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Don haka kukanki bai taɓa tawakkalinki ba. Ba sai kin yi jayayya da surukarki ba, girmanta ne, amma ke ki san wannan a ranki.

Tambayarki ta farko, sahabbai sun riga ki yin ta. Sun zo wurin Annabi (SAW) suka ce suna jin wani abu a zukatansu wanda furta shi ya yi musu girma. Ya ce kun ji hakan? Suka ce e. Ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Wato ƙyamar da suka yi wa tunanin ita ce shaidar. Ke da kike a'uzu billahi duk sanda ya zo miki, kika kasa barci har kika zo nan kina tambaya, wadda imaninta ya tafi ba ta yin haka.

Ina so ki ɗauki Alƙur'ani ki buɗe Suratu Yusuf, ki karanta aya ta 83 zuwa ta 87 a jere, kada ki tsallake. A ta 83 Annabi Yaƙubu ya ce haƙuri mai kyau. A ta 84 kuma, mutumin nan dai da ya faɗi haka, ya juya ya ce ya baƙin cikina a kan Yusufu, idanunsa suka yi fari don baƙin ciki. A ta 85 'ya'yansa suka yi masa irin abin da ake yi miki, suka ce ba za ka daina ambaton Yusufu ba sai ka halaka. Sai ya ba su amsa a ta 86: ni dai ina kai ƙarar damuwata da baƙin cikina wurin Allah ne. Bayan nan ne, a ta 87, ya ce kada ku yanke ƙauna daga rahamar Allah. Mu muna son mu ɗauko ta 83 da ta 87 mu miƙa wa mai jinya, mu bar ukun da ke tsakiya. Allah kuwa bai bar su ba, Ya saukar da su ana karantawa a salla. Zaman nan da kike yi a kan sallaya kina kuka, wa kika fuskanta? Ba alƙibla ba? To ƙara kike kaiwa, kuma kin kai ta inda Yaƙubu ya kai tasa.

Abu ɗaya zan taɓa a hankali, ki yafe min in ya yi zafi. Kin ce kin sakankance za ta tashi. An koya mana mu roƙa muna masu yaƙinin amsawa, wannan gaskiya ne, amma ba a yawan ƙarasa mana cewa amsar ba kama ɗaya take zuwa ba. Hadisin Abu Sa'id ya ce ko a gaggauta wa bawa abin da ya roƙa, ko a ajiye masa shi a lahira, ko a kawar masa da wani sharri gwargwadonsa. Shi kansa Annabi (SAW) ya ce ya roƙi Ubangijinsa abu uku, aka ba shi biyu aka hana shi ɗaya. Na san wannan ba zai dawo miki da 'yarki ba, kuma ba zan ce miki na san hikimar tafiyarta ba. Abin da na sani shi ne darare da azumin nan ba su faɗi ƙasa ba, ko ɗaya.

Yanzu kada ki ɗora wa kanki doguwar addu'a. Ɗauki ta Annabi Ayuba a Suratul Anbiya, aya ta 83: anni massaniyad durru wa anta arhamur rahimin. Cuta ta shafe ni, Kai ne Mafi jinƙan masu jinƙai. Halinsa kawai ya shimfiɗa, ya ambaci rahamar Ubangijinsa, ya tsaya. In ita ma ta yi nauyi, bayan sallama ki faɗa da Hausarki: ya Allah na gaji, ya Allah ina jin tsoro. Ba rashin ladabi ba ne.

SS Tun 1988, Gombe

Ƙanwata sannu. Ni zan yi magana ne daga ɓangaren wanda ke kwance a kan tabarmar.

Da sikila aka haife ni. Mu biyu ne a ɗakinmu, yayana ya rasu ina aji uku a firamare. Ni ma a gabana wata mata ta ce wa mahaifiyata irin waɗannan ba sa kai ashirin. Yau ina koyarwa a sakandare, na yi aure bayan an yi gwaji, matata AA ce, wato ba ta ɗauke da sikila, muna da yara biyu. Ba na faɗin wannan don in yi miki alkawarin komai, rai a hannun Allah yake. Na faɗa ne don ki san akwai irinmu da yawa, muna nan muna cin tuwo.

Ciwon nan in ya tashi ji kake kamar ana buga maka ƙusa a cikin ƙashi. A wannan lokacin yaro ba ya auna addu'ar uwarsa ko doguwa ce ko gajera. Inna ba ta yi karatu mai zurfi ba, abu ɗaya take maimaitawa: ya Hayyu ya Ƙayyum, bi rahmatika astagis. Ta jiƙa tsumma a ruwan ɗumi tana gasa min ƙafa, tana faɗa, wani lokaci muryar na rawa. Na san tana kuka, ta ɗauka ban sani ba. Ban taɓa jin cewa kukan ya rage wa addu'ar daraja ba. Abin da na fahimta tun ina ƙarami shi ne akwai Wanda ake kira idan abu ya fi ƙarfin Inna.

Ni ma na shiga irin halinki ina jami'a, lokacin da ciwon ya cinye min ƙashin ƙugu na koma dogara sanda. Roƙon warkewa gaba ɗaya ya fita daga bakina, don na yi shi tun ina yaro. Sai na koma roƙon abin da ke gabana. Allah Ka ba ni barci zuwa asuba. Allah Ka sa a samu jijiya a karon farko, kada a yi ta caka min allura. Allah Ka sa in iya zama a ɗakin jarrabawa. Waɗannan ina ganin amsarsu, ba kullum ba amma sau da yawa, kuma da su ne zuciyata ta sake sabawa da roƙo. Daga baya na ji hadisin matar nan mai farfaɗiya da Ibn Abbas ya nuna wa Aɗa'u ya ce ga 'yar Aljanna. An ba ta zaɓi tsakanin addu'ar warkewa da haƙuri da Aljanna, ta zaɓi haƙuri, amma ta ce to a roƙa mata kada jikinta ya riƙa buɗewa in ta faɗi, kuma Annabi (SAW) ya roƙa mata. Ko ita da ta zaɓi haƙuri ba ta bar roƙon ƙaramin abin da ke damunta ba.

Shawarata a kan motsa bakin nan da ke ci miki rai: ki daina yi ke kaɗai. Shekara 8 ya isa ya koya. Akwai wadda Annabi (SAW) ya koya wa Usman ɗan Abil As da ya kai kukan ciwo a jikinsa: ya ɗora hannu inda ke ciwo, ya ce bismillah sau uku, sannan sau bakwai ya ce a'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru. Ki ɗora hannunsa a ƙafar, naki a kan nasa, ku faɗa tare da ƙarfi yana ƙirgawa da yatsu. Ranar da muryarki ta ƙi fita, tasa za ta fita. Kuma zai buƙace ta nan gaba a wuraren da ba kya nan, makarantar kwana ko gadon asibiti.

Maigidanki kuma a riƙa jansa a jiki. Mahaifina haka ya yi shiru shekara da shekaru, sai da na girma na gane shi ma jinya yake yi.

Nas a Ɗakin Yara, Kafanchan

Maman yara, sannu da jinya. Ni Kirista ce, ina fatan ba za a ga na yi shisshigi ba. Aikin dare nake yawan yi, kuma ƙarfe uku na dare a ɗakin yara na ga mai carbi na ga mai Littafi Mai Tsarki, hawayen iri ɗaya ne. A wurinmu ma akwai Zabura ta 13, inda Dawuda ya fara da tambayar Ubangiji har yaushe zai manta da shi, ya yi ta maimaita har yaushe, kafin a ƙarshe ya ce ya dogara ga ƙaunarSa. A Romawa 8:26 kuma an ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, ana kai nishinmu da ba ya faɗuwa da baki. Da wannan na rayu shekarar da na rasa mijina. Zan sa ɗanki a addu'ata.

Sai ɓangaren aikina. Maganar surukarki ba haka take ba. Yaro ba ya zama SS sai ya ɗauko S daga uwa, ya ɗauko S daga uba. In AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, kuma kowane ciki lissafinsa daban, shi ya sa wani gida za a samu biyu ko uku, wani gidan ba ko ɗaya. Mai AS lafiyarsa ƙalau, don haka dangi za su iya ɗauke da shi kaka da kakanni ba su sani ba. Ba laifinki ba ne, ba kuma na mijinki ba. Saboda irin wannan ne Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024.

A sanyin nan ki rufe shi sosai har da safa, wanka da ruwan ɗumi bayan rana ta fito, ruwan sha a kai a kai ko bai ce yana jin ƙishi ba, kwana cikin gidan sauro. Kada a sa masa ƙanƙara ko ruwan sanyi a wurin ciwo. Ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana 120, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi, shi ya sa ba a wasa da folik asid. In zafin jikinsa ya kai 38, ko ƙirji na ciwo, ko numfashi ya canza, ko tafin hannu ya yi fari fat, ko ciki ya kumbura ta hagu, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, a tafi asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne. Ki tambayi likitansa game da wani magani mai suna haidiroksiyuriya. Yana rage yawan tashin ciwon da ciwon ƙirji, amma likita ne ke sa shi yana bibiyar jini, ba a saye a kemis a sha kai tsaye.

Ke ma ina tambaya: kina barci? Kina cin abinci? In tun 2022 ba kya yi, ki gaya wa likita ranar da kika kai yaron. Ciwon damuwa yana kama masu jinya, yana sa komai ya yi nauyi har ibada, kuma ana maganinsa.

Uwar Uku, Funtuwa

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri, har da Malam Mai Nasiha, istigfarin ina yi.

Yaya na Gombe, jiya da dare mun gwada. Ya riƙe ta da wuri, sai dai "uhaziru" ke ba shi wahala, kuma ya ce shi zai riƙa ƙirgawa. Ciwon bai tafi ba amma ya ɗan samu barci. Anti Nas, ba a taɓa yi mana maganar maganin nan ba, ranar Talata muke da ganin likita, na rubuta sunan a takarda. Barci kam ba na samu sosai, zan faɗa.

Malama na karanta ayoyin. Na daɗe a kan ta 86. Ban ce bakina ya sake ba, har yanzu in na zo kan "Ka ba shi lafiya" sai in tsaya, amma ta Annabi Ayuba tana fita. Saura tambaya ɗaya: kwanakin da ba na salla su suka fi min tsanani, don ko zaman sallayar babu. Ya halatta in yi waɗannan addu'o'in a lokacin, in kuma tofa wa yaron?

Malamar Matan Aure, Zariya

Ya halatta, 'yar'uwa. Salla da azumi ne aka ɗauke miki a kwanakin, addu'a da zikiri ba sa buƙatar tsarki. Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) yana ambaton Allah a dukan lokutansa, kuma da al'ada ta zo mata a hanyar hajji ce mata ya yi ta aikata duk abin da mahajjaci ke yi ban da ɗawafi, alhali Arfa kusan dukanta addu'a ce. Ta Annabi Ayuba ma, in kin faɗe ta da niyyar addu'a ba tilawa ba, ba komai. Ki tofa masa, ki ɗora hannu, ki zauna inda kika saba zama in kina so.

"Ka ba shi lafiya" kuma kada ki tilasta wa kanki yanzu. Ki ce wa yaron ya faɗa ke ki ce amin, ko ki roƙi maigidan ya faɗa in ya dawo da dare ku biyu ku amsa. Zan sa ɗalibaina su sa shi a addu'a ranar Asabar in mun haɗu. Ki dawo ki gaya mana abin da likita ya ce ranar Talatar.